Malamai na zaune a gida, azuzuwa na jiran malami

A makarantun gwamnati na Aboabo da Asawase a nan Kumasi, yara suna cika aji har malami ba ya iya duba littafin kowa, alhali matasan da suka gama kwalejin horar da malamai suna zaune a gida suna jiran a kira su aiki.

Tun 2018 Gana ta mayar da karatun waɗannan kwalejoji digiri na shekara huɗu, kuma a shekarar ce Majalisar Malamai ta Ƙasa, NTC, ta fara jarrabawar lasisin koyarwa. Ina goyon bayan tantancewa, domin bai kamata a damƙa yara ga wanda ba a gwada iliminsa ba. Amma lasisi kaɗai ba ya kai mutum aji, tunda hukumar ilimi ta GES ba ta ɗaukar kowa sai Ma'aikatar Kuɗi ta amince da biyan albashinsa, kuma a nan ne ake daɗewa.

Abin da ya fi damuna shi ne makarantunmu na Islamiyya da ke ƙarƙashin gwamnati. Malaman Larabci da yawa sun yi karatu mai zurfi, sai dai ba su da takardar koyarwa, don haka suna dogara da ɗan abin da iyaye suka tara. Ya kamata a buɗe musu hanyar horo a kwalejoji irin Al-Faruq da ke Wenchi, su sami lasisi, su shiga tsarin albashi.