Godiya ga waɗanda suka tsaya har jan kuros ya koma kore

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, daren jiya gwaje-gwajen nan 12 duk sun wuce, jan kuros ɗin da ya yi mako uku yana harararmu, alamar gwaji ya faɗi, ya koma kore, alamar ya wuce. Daga yau duk wanda ya turo gyara zuwa ɗan laburarenmu na Python, wato tarin kod ɗin da muka rubuta da wannan yaren kwamfuta, kafin waninmu ya duba, GitHub Actions, tsarin da ke gwaji da kansa a dandalin ajiye kod na GitHub, zai ɗauki gyaran ya gwada shi a Ubuntu (wani nau'in Linux) da Windows da macOS, kowanne da Python 3.10 har zuwa 3.13.

Da can da hannu muke gwaji, in mun tuna. Idan wani ya kawo ƙorafi, amsarmu ɗaya ce: ai a kwamfutata yana aiki. Ni na fi kowa faɗin haka.

Godiyata ta farko ga 'yar'uwarmu da ta gano abin da ke kayar da mu a Windows. Gwaji huɗu na faɗuwa a can, sauran takwas lafiya lau, ni kuwa na kafe cewa matsalar injin gwajin ce. Ba ta yi musu da ni ba. Ta buɗe bayanan gwajin ta bi su layi-layi, sai ta turo mini kalma guda: inda muka rubuta "ƙasa", abin da ya fito shi ne "Æ™asa". Ashe muna buɗe fayil ba tare da faɗa wa Python cewa da tsarin haruffa na UTF-8 aka rubuta shi ba. A Linux zatonsa na dacewa, a Windows kuwa sai ya karanta da wani tsarin haruffan mai suna cp1252, wanda bai san ƙ ko ɗ ko ɓ ba. Wato tun da aka fara laburaren nan muke lalata wa masu Windows rubutu, ba wanda ya faɗa mana, wataƙila sun haƙura ne sun koma wani wajen. Gyaran bai kai rabin layi ba. Kunyar ce dai ta daɗe.

Sai ƙanena a wannan harka, wanda ya yi ta haƙuri da ni a kan fayil ɗin YAML, inda ake rubuta wa GitHub Actions umarnin gwajin. Hannuna ya saba da maɓallin Tab, YAML kuwa ba ya karɓarsa a farkon layi. Ya gyara, na sake ɓatawa, ya sake gyarawa bai ce uffan ba.

Malam, babbanmu, Allah ya ƙara girma. Lokacin da na ga gyaran da baƙi ke turowa daga kwafinsu ba ya samun makullan sirrinmu, irin wanda muke wallafa laburaren da shi, har na fara neman hanyar buɗe musu. Ku kuka hana ni, kuka ce da gangan aka rufe ƙofar, don kada wani ya turo gyaran da zai kwashe makullin. Ku kuka kuma nuna mana tsarin amintaccen mai wallafawa da PyPI, rumbun da ake wallafa laburaren Python, ya kawo a 2023, yanzu ba mu ajiye makullin wallafa a ko'ina.

Waɗanda suka yi ta jira gyaransu na zaune ba a haɗa ba, ku yafe mana, wannan makon za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai sauran gwaji guda na kwanan wata da ke faɗuwa jefi-jefi wajen tsakar dare, ina zargin agogon injinan ne, da ke bin UTC, lokacin bai-ɗaya na duniya. Wanda ya ga ja a kansa ya sake kunna gwajin tukuna kafin ya neme ni. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.