Mun auna musu jini, sannan muka koma makaranta

Duk sashen jami'a da ke shirin fita unguwa don awon hawan jini kyauta, ina roƙonsa da ya buɗe takardar kasafin kuɗinsa ya duba ko an ware kuɗin magani da kuɗin komawa wurin mutane. A namu ba a ware ba. Akwai kuɗin rumfa da kujeru, akwai na riguna masu tambari, akwai na ruwan leda da na mai ɗaukar hoto, amma babu ko sisi saboda mutumin da za a shaida wa cewa jininsa ya hau. A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, kuma ni aka ɗora wa kula da ɓangaren mata a wata unguwa da ke cikin badala, don haka a gabana aka yi komai.

Abin da muka ɗaura wa ɗamara shi ne ƙin amincewa, kuma muna da dalili. Kanawa ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kusan 200 a Asibitin Zana, 11 daga cikinsu suka rasu. Ba su manta da dakatar da rigakafin shan inna a 2003 ba, wanda ba a dawo da shi ba sai a 2004. Saboda haka muka bi ta hannun hakimi da mai unguwa, liman ya yi sanarwa bayan sallar magariba, malaman islamiyyar matan aure suka isar wa ɗalibansu. Ranar 17 ga Mayu, wadda ita ce ranar yaƙi da hawan jini ta duniya, mutane suka cika rumfa duk da zafin rana, ba wanda ya tuhume mu da komai. Muka auna, muka rubuta, duk wanda awonsa ya kai 140 bisa 90, wato matakin da ake ɗauka jini ya hau, muka ba shi takarda ya je asibiti, muka naɗe tabarmi muka koma shirin jarrabawa.

Bayan wasu watanni na koma unguwar don tattara bayanan kundin digirina, a nan ne na ga ƙurar da muka bari a baya. Akwai wata dattijuwa mai tuyar waina a bakin lungu, wadda da hannuna na auna ta, awonta ya haura 180 bisa 110. Ta bi umarninmu, ta biya kuɗin adaidaita sahu, ta yanki kati, aka rubuta mata maganin wata guda ta saya. Da ta shanye, ciwon kan da ke damunta ya lafa, sai ta ɗauka ta warke, kamar yadda ake warkewa daga zazzaɓin cizon sauro idan ƙwayoyin sun ƙare. Babu wanda ya zaunar da ita ya fahimtar da ita cewa wannan ciwo ne da ake shan maganinsa kullum, ko ana jin ciwo ko ba a ji. Na same ta a kwance, ɓarin jikinta na dama ya shanye, jikarta ce ke zaune a gaban tanda. Da ta gane ni sai ta yi ƙoƙarin gaishe ni, tana kirana likita, maganar ba ta fita sosai.

Mai unguwa bai ɗaga mini murya ba. A soronsa ya ce: "'Yata, kun zo kun gaya wa mutanena suna da ciwo, kun tafi. Yanzu ni suke tambaya ina maganin, ni kuwa ban san inda zan same ku ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, mun ba su takardar asibiti." Ya ce takarda ba ta sayen magani, kuma mai neman abincin yau ba zai bar sana'arsa ya wuni a layi kowane wata ba. Har yanzu idan na tuna rahotonmu, wanda ya jera yawan mutanen da aka auna da hotunan rumfa cike, aka yaba masa a taron sashe, raina yana ɓaci, domin babu shafi ɗaya da ya tambayi me ya faru da masu takardun nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanyar gyara tana kusa. Tun 2020 aka fara shirin kula da hawan jini a wasu ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, inda ma'aikacin lafiya a matakin farko zai iya ɗora mutum a kan magani irin su amlodifin bisa tsari mai sauƙi, ba sai an je babban asibiti ba. Da an zauna da shugabar asibitin sha-ka-tafi na mazaɓar tun kafin a kafa rumfa, da mun san abin da take da shi da abin da ba ta da shi, da kuma sunayen mutanenmu sun shiga rajistarta maimakon su ƙare a kwamfutar ɗalibai.

A zagaye na biyu, wanda muka matsa sai da aka amince da shi, mun soke riguna da mai hoto, kuɗinsu ya tafi ga maganin watannin farko da na'urorin awo. Mun rage yawan gidajen da za mu shiga zuwa iya waɗanda za mu iya bibiya, kuma wannan ya jawo mana gardama da masu son adadi mai yawa a rahoto. Mun daina cewa mutum yana da hawan jini daga awo ɗaya, domin wanda ya taho a ƙafa cikin rana, ko mace mai ƙiba da aka ɗaura wa ƙaramin maɗaurin na'urar awo a dantse, awonsu zai fito sama da gaskiya. Sai an zauna an huta an maimaita, sannan a sake a wata rana. Mai kemis na unguwa, wanda da muke yi wa kallon matsala, mun jawo shi jiki, saboda wurinsa mutane ke fara zuwa, shi ne kuma ya san wanda ya daina sayen magani. Wata ungozoma da malama ɗaya daga islamiyya suka koyi awo, suka riƙe littafin sunaye, kuma su ne suka ci gaba da aikin lokacin da muka tafi hutu. Ina alfahari da su fiye da yadda nake alfahari da kundina.

Ko maganar gishiri sai da muka sauya salonta. Faɗa wa matan gida cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana bai amfana musu komai ba, sai da muka shiga madafa muka ƙirga dunƙulen da ake jefawa a tukunyar miya tare da su.

Maza kuwa har yanzu ba mu same su yadda ya kamata ba. Kafin mu iso da safe sun wuce Kantin Kwari da Kurmi da Singa, ba sa dawowa sai bayan isha'i, alhali kuɗin maganin matan ma daga aljihunsu yake fitowa. Liman ya yarda a riƙa awo a harabar masallaci bayan sallar asuba, an ajiye na'ura ɗaya a hannun ladan, amma muna neman ɗalibi namiji mazaunin kusa da zai riƙa zuwa yana duba littafin.