Hasken fiba yakan yi rauni tun kafin ya ɗauke

Mutanenmu na Nima da Mamobi ba sa neman mu sai intanet ta ɗauke ɗungurungum. Ni kuwa a aikin kula da layukan fiba a nan Akra, na gane cewa tsinkewa ita ce matsala mai sauƙi. In katafilar masu gyaran hanya ta datse igiya, na'urar OTDR za ta harba haske cikin zaren gilashin, ta auna abin da ya dawo, ta gaya maka nisan wurin. Sai tono da haɗi. Ko ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace ta wajen gaɓar Kodebuwa, nan take kowa a Gana ya sani.

Layin da ke hana ni barci shi ne wanda haskensa ke raguwa sannu a hankali. Lafiyayyen zare yana asarar kusan dB 0.35 (dB shi ne ma'aunin raguwar haske) a kowace kilomita in an harba haske mai tsawon zango nanomita 1310, da kusan 0.2 in an harba na 1550. Abin da ya haura haka sosai, akwai dalili. Shi ya sa nake gwada layi da duka biyun: in a wuri guda asarar 1550 ta ɗara ta 1310, to an lanƙwasa zaren, galibi wani ne ya cusa shi cikin akwati da ƙarfi. Sai datti. Tsakiyar zaren, inda haske ke bi, faɗinta kusan maikiron 9 ne, bai kai kaurin gashin kai ba, don haka ƙurar hunturu kaɗan a bakin mahaɗi ta isa ta rage ƙarfin layi. Ba na jona komai sai na duba na goge.

Amma lamba ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Na'urar GPON ta gida, wato akwatin da ke karɓar hasken fiba, takan jure raunin haske har wajen -28 dBm (dBm shi ne ma'aunin ƙarfin hasken da ke isowa, kuma -28 ya fi -20 rauni). In ka auna ka ga -25, za ka ce lafiya lau. To idan ranar da aka ja layin -20 ne fa? Fiye da rabin hasken ya tafi, mai gidan bai sani ba, mai yiwuwa ruwan damina ne ya fara shiga akwatin haɗi.

Saboda haka duk yaron da ke koyon aiki a hannuna nakan ce masa: "Ƙanena, kafin ka rufe akwati, rubuta kwanan wata da wurin da lambar da mitar auna haske ta nuna." Bayan 'yan watanni mu koma mu sake aunawa, mu gwama da ta farko.