Hannun roba da ya ɗauki tumatir a Marwa

A shekararmu ta ƙarshe ta karatun injiniya a Marwa ta ƙasar Kamaru, mu uku muka ɗauki aikin ƙera hannun inji mai laushi, wanda zai ɗauki nunannen tumatir ba tare da ya lotsa shi ba. Inna tumatir take sayarwa, don haka na san irin asarar da ake kwasowa a gindin kwando.

Mun fara da dabarar da masu bincike na jami'o'in Cornell da Shikago a Amurka suka fito da ita a 2010. Ana cika balan-balan da garin kofi, a danna shi a kan abu, a zuƙe iskar ciki, sai garin ya ƙame ya riƙe abin gam. Ƙwai ya ɗauku lafiya lau. Tumatir kuwa, dannawar kaɗai ta isa ta ɓata shi.

Sai muka koma ga yatsun silikon, wata roba mai laushi da ake zubawa ruwa-ruwa ta daskare, irin na ɗakin binciken George Whitesides a jami'ar Harvard, waɗanda suka ɗaga ɗanyen ƙwai a 2011. Kowane yatsa yana da ƙananan ramuka a jere. In an hura iska bayansa ya kumbura, cikinsa kuwa an shimfiɗa masa abin da ba ya miƙewa, dole ya lanƙwashe. Ƙyallen atamfa muka sa, babbar sirinji kuma ta zame mana famfo.

Zafin Afrilu ne ya fi ba mu wahala. Kafin mu gama zuba silikon ya fara kauri, kumfa ta maƙale a ciki, kuma duk inda kumfa take nan yatsan ke fashewa. Biyar muka yi asara, ga silikon da tsada. Daga nan muka koma haɗawa bayan sallar asuba, muna zubawa siriri daga sama don kumfar ta mutu a hanya.

Ranar da yatsu uku suka rungumi tumatir suka ɗaga shi, Inna na fara kai wa. Ta juya shi a hannu, ba ta ga tabo ba. Sai ta ce, "Ɗana, wannan ai busasshe ne. Tsoma shi a ruwa mu gani." Muna gwadawa ya sulluɓe ya faɗi ƙasa. Mako biyu muka ƙara muna yi wa cikin yatsun zane-zane irin na tafin hannu, sannan jiƙaƙƙen ya tsaya.