Laraba a Farin Gada: Kayan Gwari Sun Hau Waya

Laraba, Jos.

Aikin yau na wata Hajiya ne mai sayar da dankalin Turawa da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada. So take ta riƙa samun masu saye daga Abuja ta waya. Ta ce a fara da Facebook, na ce, "Hajiya, a bar shi tukuna, masu sayenki a WhatsApp suke."

WhatsApp Business, wato WhatsApp na masu kasuwanci, kyauta ne. Layi daban aka sa masa, domin lamba ɗaya ba ta zama a kansa da WhatsApp na yau da kullum a lokaci guda, kuma bai kamata cinikin dankali ya gauraya da hirar biki ba. An cike sunan kasuwanci, da inda rumfa take, da lokacin buɗewa da tashi. Katalog ɗinsa, wato wurin jera kayan sayarwa da hotunansu, na ɗaukar kaya har 500, amma shida aka sa, waɗanda ba sa yankewa a rumfar.

Maganar farashi ce ta ci mana lokaci. Masu sana'a da yawa sai su ɗora hoto su rubuta wai a biyo su ta saƙo a ji kuɗi. Ni a ganina wannan korar mai saye ne. Wanda yake ofis a Wuse ba shi da lokacin jiran amsa, gaba zai yi wurin wanda ya rubuta kuɗin ƙarara. Hajiya ta ce, "Malam, ai kayan gwari kullum da farashinsa." Gaskiyarta. Shi ya sa status ya dace da ita, tunda bayan awa 24 yake gogewa da kansa. Kowace safiya a sa hoton kayan ranar, a rubuta ma'auni, kwando ne ko buhu ko rabin buhu, sannan kuɗin, da kwanan wata, da ko kuɗin mota na ciki. Rashin faɗin wannan na ƙarshen shi ke jawo rigima.

Hoto kuma a goge gilashin kyamara tukuna, yatsa mai maiƙo na sa hoto ya yi hazo. Rumfarta tampol shuɗi ne, a ƙarƙashinsa karas ya fito kamar ya kwana uku. Da aka jawo kwandon bakin rumfa, inda hasken safe yake, sai launinsa ya dawo. Bidiyo a riƙe waya a tsaye, daƙiƙa 15 zuwa 20 ta isa. A tsaga kabeji gida biyu a gaban kyamara a ga cikinsa. Kada a yi wa hoto kwalliya, abin da aka gani shi ake jira ya sauka a tasha.

Saƙon bai-ɗaya, wato broadcast, wanda ake tura wa mutane da yawa lokaci guda kowa ya samu nasa daban, na zuwa ga mutum 256 a jeri guda, amma wanda ya ajiye lambarki kaɗai zai samu. Nan da yawa suke tuntuɓe, su yi ta turawa su ji shiru. Duk wanda ya yi ciniki a roƙe shi ya ajiye lambar nan take. Jefa mutane cikin guruf ba izininsu kuwa na sa su kai ƙara, har a rufe layin.

Shafin Facebook, idan lokacinsa ya yi, daga asusunta za a buɗe shi, ba na yaron shago ba. Yaro na iya tafiya da shafi da mabiyansa.

Kafin la'asar an kunna tsaron mataki biyu na WhatsApp don kada wani ya ƙwace asusun, ta zaɓi lambar sirri mai lamba 6. Lambar da WhatsApp ke turowa ta tes ba a ba kowa, ko ya ce daga kamfanin yake. Kuma ba a ɗora buhu a mota don an turo hoton rasit, sai ta buɗe manhajar banki ta ga kuɗin sun shiga. Bayan an ɗora, a tura wa mai saye hoton buhun da sunansa a jiki, da lambar direba, da tashar da zai sauke.