Kaduna, garin da aka zana a takarda

Kakana ma'aikacin reluwe ne, kuma kullum yakan ce Kaduna ba ta da ganuwa saboda ba sarki ne ya kafa ta ba. Turawa suka zaɓi wurin don ruwan kogi da layin dogo, suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Har ƙaramar gadar Gwamna Lugga suka kwaso, tana nan a lambun shaƙatawa na Gamji, na sha tsallaka ta ina yaro.

Sardauna ya yi mulki a nan. A 1967 ta zama hedkwatar jiha, aka sa wa jihar sunanta a 1976.

Titunan tsakiyar gari a miƙe suke sambal. Amma ka leƙa Rigasa, inda nake haya yanzu: gidaje sun riga tsari isowa, da damina sai ka naɗe ƙafar wando.