Inda na kai a koyon fiyano, da abin da ya kamata ku duba kafin ku saya

'Yan'uwana masu koyo, a wannan zangon na fara haɗa hannu biyu a kan gajerun waƙoƙi, kuma na ga ya dace in haɗa bayanin inda na kai da abin da na fahimta game da sayen fiyano, domin irin wanda mutum ya saya shi ne yake tsara yadda yatsunsa za su horu.

Cikakken fiyano yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. A na katako, kowane maɓalli yana ɗaga wata 'yar guduma mai lulluɓin ulu wadda take bugun tsirkiyar ƙarfe. Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro wannan dabara a Italiya wajen shekarar 1700, domin mai kiɗa ya iya sassauta sauti ko ya ƙarfafa shi da nauyin yatsansa kawai. Saboda haka nake nanata maganar nauyin maɓalli. Kibod mai maɓallai 61, irin wanda ake gani a coci-coci da wuraren biki, maɓallansa sakayau ne, kuma wanda ya daɗe a kansa yakan tarar yatsunsa ba su da ƙarfi ranar da ya zauna gaban fiyanon gaske. Yana da amfaninsa wajen koyon haɗa sautuka, amma ba shi zan ba mai niyyar yin nisa shawarar saya ba.

Fiyanon katako kuwa, duk daɗin sautinsa, yanayinmu na arewa ba ya yi masa sauƙi. Cikinsa akwai tsirkiyoyi wajen 230 da aka ɗaure tamau, jansu gaba ɗaya ya kusa tan 20, ga faffaɗan allon katako wanda yake ƙara wa sautin amo. Katakon yana son danshin iska matsakaici, kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Da hunturu iskarmu takan bushe ƙasa da haka sosai, katako ya tsuke, da damina kuma ya sha laima ya kumbura, sautin ya riƙa kaucewa daga saitinsa. Ko a inda yanayi bai kai namu sauyawa ba, ana kiran mai saiti sau ɗaya ko biyu a shekara. Kafin ku biya kuɗin irin wannan, ku tabbata akwai mai wannan sana'a kusa da ku, ku kuma tuna cewa ko ƙaramin mai jingina da bango yakan kai kilo 200.

Ni dai na lantarki na zaɓa, mai maɓallai 88 masu nauyi. Yamaha P-45 da Roland FP-10 da Casio CDP-S110 duk suna cikin wannan aji na masu farawa. Ba sa bukatar saiti, kuma ana iya sa abin sauraro a kunne a yi atisaye da dare ba tare da an tashi mutanen gida ba. Na Casio ɗin yana aiki da batir shida, abin da ba ƙarami ba ne a inda wuta take zuwa tana tafiya. Idan na hannu za ku saya, ku danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi, ku ji ko sautin yana bin nauyin yatsa, ku gwada fedar da take tsawaita sauti, kuma kada ku bar maganar sitabilaiza. Kujera ma a sa ta a lissafi, domin damtse ya kamata ya daidaita da maɓallai.

Game da atisayena, sikelin C, wato jerin sautuka takwas da ake hawa daga maɓallin C zuwa C na gaba, ya zauna a hannun dama: babban yatsa, manuni, na tsakiya, sai babban yatsa ya ratsa ta ƙarƙashi zuwa F, a ƙarasa da ƙaramin yatsa. Ratsawar nan ce ta fi cin lokaci, domin gwiwar hannu tana son ta buɗe waje, alhali yatsan ne kaɗai ya kamata ya motsa. Hannun hagu har yanzu yana baya, musamman wajen karanta layukan rubutun kiɗa na sautuka masu kauri, inda alamar da take zaune a wuri ɗaya take da suna dabam da na layukan hannun dama. Abin da yake taimakona shi ne in koyi kowane hannu shi kaɗai, in sa na'urar ƙirga bugu a kan 60 a minti ɗaya, sannan in haɗa su gaɓa biyu-biyu. Rabin awa kullum ya fi mini amfani a kan dogon zama a ƙarshen mako.

Ga waɗanda suka taso da do-re-mi a ƙungiyar mawaƙa, kunnenku ya riga ya yi gaba, amma ina roƙonku ku koyi karatun rubutun kiɗa tun yanzu, musamman idan kuna da niyyar jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, ko ta MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da ke Legas. A zango mai zuwa zan shiga sikelin G, wanda yake kawo baƙin maɓalli na farko, sannan in fara aiki da feda.